Leiden a Ƙafa: Garin da Ba Ya Zubar da Komai

Idan aka ce Holan, abin da ke fara zuwa ran yawancinmu shi ne atamfa da madarar gwangwani, sai Amstadam, sai kuma Hague saboda kotunan duniya da muke jin labarinsu a rediyo. Leiden tana tsakanin garuruwan nan biyu, jiragen ƙasan da ke kai-komo a tsakaninsu suna tsayawa a tasharta, amma ba kasafai baƙo yake sauka ba. Ni ma ba don ƙanin wani aminina da ke karatun digiri na uku a jami'ar garin ba, da ta taga zan hange ta in wuce. Shi ya matsa mini lamba, ya ce in ba shi ƙarshen mako a watan Satumba, kuma in zo da takalmin da ba ya cizo.

"Yaya, garin nan ba a ganinsa a mota," in ji shi da ya tarye ni a bakin tasha. "Ko keke ma gudunsa ya yi yawa. Sai dai fa ka kiyaye jan layi."

Jan layin da yake nufi shi ne hanyar kekuna, wadda ake shimfiɗa ta da jan bulo ko jar kwalta a gefen titi. Mai tafiya a ƙafa ba shi da hurumi a kanta. Tsohuwa mai furfura, uwa da ta loda yara biyu a wani akwati a gaban keke, malamin jami'a da jakarsa, kowa gudu yake yi, kuma ba sa taka birki don baƙo, ƙararrawa kawai za ka ji a bayanka. Garin bai da girma, mutanensa ba su wuce kimanin 130,000 ba, tsohon birnin kuwa ruwa ne ya zagaye shi, ya kuma ratsa shi ta ko'ina, da gadoji fiye da 80. Duk inda ka waiga za ka ga hoton jajayen makullai biyu a gicciye: a jikin fitilun titi, a kan kwandunan shara, har a murfin ramin kwata. Tambarin garin ke nan, makullan Bitrus, wanda babbar majami'ar garin take ɗauke da sunansa.

Abu na farko da ya tsaya mana a gaba shi ne De Valk, injin niƙan da iska ke juyawa, wanda aka gina a 1743 a kan tsohuwar ganuwa. Tsayinsa mita 29 ne. A da irinsa 19 ne a kan ganuwar garin, yanzu shi kaɗai ya rage a cikinsu. A hoto abin ado ne, amma da ka shiga za ka gane masana'anta ce: ƙasan gidan mai injin ne da iyalinsa, da gadonsu da tukwanensu, sama kuma hawa-hawa ne na duwatsun niƙa da manyan ƙafafun katako masu haƙora da ke cizon juna. Matakalar ba ta da maraba da tsani, da baya ake saukowa. A baranda ta katako da ta zagaye cikinsa nan mai injin yake tsayawa ya juya fikafikan su fuskanci iska, ya ɗaura musu ƙyalle ko ya naɗe gwargwadon ƙarfinta. Na tsaya a wurin iska na neman raba ni da hulata, ina kallon rufin gidaje ja-ja-wur da hasumiyoyin majami'u, ƙasa shimfiɗe babu ko tudun da za ka aza ido a kai.

Daga nan taku kaɗan ne zuwa Lakenhal, zauren tufafi na 1640 wanda yanzu gidan tarihi ne, kuma a nan ne na fara fahimtar halin garin. Arzikin Leiden a saƙa ya samu. A ƙarni na 17 babu garin da ya fi ta yawan jama'a a ƙasar in ban da Amstadam, kuma yawancin masaƙan 'yan gudun hijira ne daga kudu, daga yankunan da suke Beljiyam da arewacin Faransa a yau. Duk bandir ɗin yadin ulu da aka saƙa sai an kawo shi wannan zaure masu duba sun buɗe shi, sun auna, sun duba saƙa da rini. In ya cika sharaɗi sai a maƙala masa hatimin darma mai tambarin garin, wanda ɗan kasuwa a wata nahiya zai gani ya biya ba tare da ya warware ba. In bai cika ba, mai shi ya sha tara. An jera irin waɗannan hatimai a cikin gilashi, ƙanana kamar kwabo, wasu a ƙasashe masu nisa aka tono su. Na tambayi abokin tafiyata ko a nan ake yin atamfar da iyayenmu mata suke ji da ita, ya yi dariya ya ce wannan sai Helmond, can kudu, inda kamfanin Vlisco yake tun 1846.

Amma abin da ya kawo ni ciki yana wani ɗaki: tsohuwar tukunya ta tagulla, ba wani ado gare ta ba. Don a san darajarta sai an koma 1574.

A lokacin ƙasar tana tawaye ga sarkin Sifaniya a ƙarƙashin jagorancin Willem na Oranje. Sojojin Sifaniya suka yi wa Leiden ƙawanya tun Oktoban 1573, suka ɗan janye a watan Maris, suka dawo a watan Mayun 1574. A karo na biyu ba su ɓata harsashinsu wajen fasa ganuwa ba, zama kawai suka yi suka bar yunwa ta yi musu aiki. Hatsi ya ƙare, aka koma kan dabbobi, annoba ta shigo ta haɗu da yunwa, dubban mutane suka mutu, ana ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna garin. Da kuɗin ƙarfe suka yi ƙaranci, hukumar gari ta sa aka manna shafukan littattafan coci a kan juna aka buga su kamar sulalla. Saƙo tsakanin garin da 'yan tawayen da ke waje kuwa tantabaru ne suke kai shi. Akwai wani katafaren zane a gidan da ke nuna magajin gari, Pieter van der Werff, tsaye a gaban mutanen da yunwa ta fusata suna neman a miƙa wuya, yana miƙa musu takobinsa wai su yanka shi su ci in dai za su daure. Masana tarihi suna da ja a kan labarin, amma mutanen gari sun riƙe shi, har gunkinsa suka kafa.

Dabarar da ta cece su ita ce ta fi ba ni mamaki, domin mutanen da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kare ƙasarsu daga ruwa su ne suka fasa madatsun da hannunsu. Willem ya sa aka ɓalle su can kudu wajen Rotterdam don ruwa ya malale gonaki, jiragen 'yan tawaye masu shafaffen gindi su samu hanyar isowa. Ruwan ya ƙi tasowa yadda ake so, aka yi makonni jirage na zaune a taɓo, sai a ƙarshen Satumba iska ta juya ta turo ruwa. Daren 2 ga Oktoba Sifaniyawa suka tattara suka gudu. Ana faɗin cewa wani yaro maraya ne ya lallaɓa sansaninsu na Lammenschans da asuba, ya tarar babu kowa sai tukunyar dafuka a kan murhu. Ita ce wai wannan da nake kallo. Da hantsi jiragen suka shigo gari da farin burodi da kifin da suke kira haring.

Shekara 450 da ɗoriya ke nan, kuma har yau duk ranar 3 ga Oktoba garin yana tsayawa cik. Da sassafe a raba wa 'yan gari burodi da kifi kyauta, a gidaje a dafa hutspot, wato dankali da karas da albasa a tuƙe su wuri ɗaya da nama. Lokacin da na je an riga an fara rataya tutoci ja da fari a tituna. Na ga garuruwan da suke bikin nasarar yaƙi da faretin soja da bindigogi. Leiden abincin ranar da yunwa ta sake ta take tunawa, kuma wannan ya fi kwanta mini a rai.

Muka fito muka nufi yamma, ta Morspoort, ƙofar gari ta 1669, ɗaya daga biyun da suka rage cikin takwas. Muka haye wata farar gadar katako mai ɗagawa zuwa lungun Weddesteeg, inda aka haifi shahararren mai zane Rembrandt a 1606, ɗan mai injin niƙa. Abin dariya, garin da ya adana tukunyar abokan gaba bai adana gidan ɗansa da ya fi kowa suna ba. An rushe shi a farkon ƙarni na 20, allo kawai aka manna a bangon wani gini na zamani. Ban daɗe a wurin ba.

Inda na daɗe shi ne Rapenburg. Hanyar ruwa ce mai lanƙwasa, bishiyoyi a gefe da gefe, gidajen attajiran ƙarni na 17 a jere, siraran fuska, dogayen tagogi, yawancinsu babu labule. Kana wucewa kana ganin kantar littattafan mutum da kyanwarsa a kan kujera, kuma ba wanda ya damu. Ɗalibai suna wucewa a ƙananan kwale-kwale suna kiɗa, in sun zo gada kowa ya sunkuyar da kai. A kan wannan titi jami'ar take, wadda aka buɗe ranar 8 ga Fabrairun 1575, wata huɗu kacal bayan ƙawanyar, ita ce mafi tsufa a ƙasar. Mutanen gari suna son su gaya maka wai Willem ya ba kakanninsu zaɓi tsakanin yafe haraji da jami'a, suka zaɓi jami'a. Abokin tafiyata ya ce labarin ya fi kama da abin da malaman jami'a suka ƙaga wa kansu.

Babban gininta asalinsa ɗakin ibadar mata masu zaman zuhudu ne, jami'a ta karɓe shi a 1581. A ciki akwai wani ɗan ɗaki da ɗalibai suke zaman jiran sakamakon jarrabawa a da, shi ya sa suke kiransa ɗakin gumi. Wanda ya kammala karatu yana da izinin sa hannu a bangonsa, kuma an yi ta rubutu a kan rubutu har babu masaka tsinke. Sa hannun Churchill da na Mandela suna ciki, an rufe su da gilashi. Ba kowa ake bari ya shiga ba, don haka daga bakinsa na ji.

"In Allah ya yarda, Yaya, ni da ajami zan rubuta nawa," ya ce.

Na ce Allah ya nuna mana. A wannan ginin ne kuma, ranar 26 ga Nuwamban 1940, Jamusawa na mamaye da ƙasar, wani malamin shari'a mai suna Cleveringa ya tsaya a gaban ɗalibai ya yi tir da korar abokin aikinsa Bayahude, Meijers. Aka kama shi, ɗalibai suka shiga yajin karatu, aka rufe jami'ar.

Abin da ban zata ba shi ne yawan Larabcin da ke binne a tarihin titin nan. Tun 1613 jami'ar ta naɗa Thomas Erpenius malamin Larabci. Mutumin ya kafa maɗaba'a a gidansa, ya sa aka sassaƙa masa haruffan Larabci, a 1617 ya buga Suratu Yusuf da fassarar Latin. Ɗalibinsa Golius ya gaje shi, ya je Maroko da Sham ya kwaso littattafai, ya fitar da ƙamusun Larabci da Latin a 1653 wanda Turai ta daɗe tana dogaro da shi. Wani kuma, Levinus Warner, ya zauna a Istanbul a matsayin wakilin ƙasarsa yana sayen littattafan da aka rubuta da hannu, da ya mutu a 1665 ya bar wa jami'ar kusan dubu. Suna nan har yau a ɗakin karatu, malamai daga Masar da Turkiyya da Indunusiya suna zuwa duba su. Maɗaba'ar Brill, wadda duk mai binciken tarihin Musulunci a jami'o'inmu ya ci karo da sunanta a bangon littafi, ita ma 'yar garin ce, asalinta yana komawa 1683. Har Hausa tana da ɗan rabonta, domin Paul Newman, wanda ya shugabanci cibiyar nazarin harsunan Najeriya a Kano, daga can ya dawo nan ya zama farfesan harsunan Afirka.

Muka tsaya a gaban gida mai lamba 61. Nan Snouck Hurgronje ya zauna har mutuwarsa a 1936. Shi ne ya shiga Makka a 1885 da sunan Abdul Gaffar, ya yi watanni a cikin malamai da alhazai, ya dawo da hotuna da bayanan da har yau masu tarihin Makka ba sa iya tsallake su. Bayan haka ya zama mai ba gwamnatin mulkin mallaka shawara a Indunusiya, kuma shawararsa a yaƙin Aceh ita ce a bar sarakuna a ja su a jiki, a murƙushe malaman da ke jagorantar turjiya. Gidan kyakkyawa ne, ƙofa mai sheƙi, matakala ta dutse. Na tsaya ina kallonsa raina a jagule. Mu da muka san abin da ya biyo bayan matafiyan Turawa da suka zo Kano da Sakkwato da Kukawa suna rubuta komai, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan yadda ilimi da mulki suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sai dai kuma ba zan iya cewa da ba a adana littattafan nan ba ya fi. Abu biyun duk gaskiya ne, kuma a titi ɗaya suke zaune.

Gidan tarihin kayan da, wanda aka kafa a 1818, shi ma a Rapenburg yake. Ko tikiti ba mu saya ba, domin abin da abokin tafiyata ya so in gani yana zauren shiga: cikakken ɗakin bautar Taffeh, na zamanin Rumawa, daga Nubiya. Masar ce ta ba Holan shi tukuici saboda taimakon da ta yi wajen kwashe kayan tarihin da ruwan madatsar Aswan zai cinye. Dutse-dutse aka warware shi, aka kawo a jirgin ruwa, aka sake ɗora shi a 1979. Wannan dai kyauta ce, da takardarta.

Bayan babban ginin jami'a akwai lambun tsirrai na 1590. A nan Carolus Clusius ya dasa albasar furen tulif a 1593, furen da asalinsa ta hannun Daular Usmaniyya ya shigo Turai. Ba a yi shekara 50 ba mutane suka haukace a kansa, ana cinikin albasa ɗaya a kuɗin gida, har kasuwar ta rushe a 1637. A Satumba babu tulif, don haka ɗakunan gilashi muka shiga, inda ake hura zafi da raɓa saboda ayaba da gwanda da wasu ganyayen ruwa masu faɗin tabarma. Nan ne kaɗai na cire rigar sanyi. A wani lungu na lambun, bayan wata tsohuwar bishiya, muka shimfiɗa rigunanmu muka sallaci azahar da la'asar. Wata mata ta zo wucewa da jikanta, ta ja shi suka canza hanya ba tare da ta ce uffan ba. Masallatan garin, na 'yan Maroko da na Turkawa, suna wajen tsohon birni.

Ta lungunan da ke bayan Rapenburg muka ɓulla Pieterskerk, majami'ar Bitrus ɗin nan. Amurkawa ne suka fi cika wurin, saboda Turawan Ingilan da suka gudo da addininsu suka zauna a unguwar daga 1609, wasunsu suka tashi a 1620 suka haye teku zuwa Amurka a jirgin Mayflower. Limaminsu John Robinson bai bi su ba, a majami'ar aka binne shi a 1625. Ni abin da ke tsallaken titi ya fi ɗaukar hankalina.

Ƙofa ce kamar ta kowane gida, ba alama, ba mai gadi. Abokin tafiyata ya tura ta buɗe. Muka bi wani ɗan soro mai duhu, sai ga fili: lambu a tsakiya, famfon ruwa na da, ƙananan gidaje a zagaye kowanne da ƙofarsa da tukunyar fure, hayaniyar titi ta ɗauke ɗif. Kai ka ce ka ratsa zaure ka faɗa tsakar gidan gandu a cikin birnin Zazzau. Irin wannan wuri hofje suke ce masa, kuma akwai 35 a Leiden. Wannan na Jean Pesijn ne, na 1683. Attajirai ne, sau da yawa waɗanda ba su bar magada ba, suke yin wasiyya da dukiyarsu a gina wa tsofaffin talakawa gidaje, su zauna kyauta, a riƙa ba su burodi da makamashin ɗumama ɗaki, da sharaɗin kamun kai da dawowa gida kafin a kulle ƙofa da dare. Waƙafi ne sak. Abin da ya tsaya mini shi ne ba gidan tarihi aka mai da su ba, har yanzu mutane ne a ciki, akwai kwamitin amintattu da ke kula da kowanne, wasu tun ƙarni na 15. Wani dattijo yana zaune a bakin ƙofarsa da jarida, ya ɗago ya gyaɗa mana kai ya koma karatunsa. Ƙa'idar shiga ita ce ka rage murya, kada ka leƙa taga, ka ja ƙofa in za ka fita. Daga nan duk ƙofar da na gani da rubutu a samanta sai in ce mu gwada, muka yi ta shiga muna fita har ya fara duba agogo.

Wanda ke cikin mota ba zai taɓa sanin akwai su ba. Haka kuma ba zai ga waƙoƙin bango ba. Tun 1992 wasu 'yan gari suka fara rubuta baitoci a bangayen gidaje, kowace waƙa da harshenta da haruffanta, yanzu sun haura 100. Kana shan kwana sai ka ga Rashanci a saman shagon keke, gaba kaɗan Jafananci yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, can kuma Larabci. Na tsaya ina haɗa baƙin wata da ƙarfi, wani saurayi mai kama da 'yan Maroko da ke wucewa a keke ya juyo ya ƙarasa mini baitin yana dariya.

Filin shaƙatawar da gunkin Van der Werff yake a tsakiyarsa shi ma ba don ado aka bar shi ba. Ranar 12 ga Janairun 1807 wani jirgin ruwa maƙare da albarushi ya fashe a nan, tsakiyar unguwa, ya kashe mutum 151, ya rushe gidaje kusan 500. Wurin ya daɗe kango kafin a mai da shi lambu. A titin Breestraat kuma fuskar zauren majalisar gari ta ƙarshen ƙarni na 16 tana tsaye da matakalarta da zakokinta, amma fuskar ce kawai. Gobara ta cinye sauran a Fabrairun 1929, cikin sanyin da ruwan 'yan kwana-kwana yake daskarewa a jikin bango. Suka gina sabo a baya, suka jingina shi da tsohuwar fuska.

Yunwa ta kai mu kasuwa, wadda ke ci Laraba da Asabar a bakin kogin Nieuwe Rijn. Rumfunan cuku, kowane ƙulli kamar tayar Vespa, rumfunan furanni, na yadi, na zaitun da dabino a hannun Turkawa da 'yan Maroko. Gadar Koornbrug tana da rufi a gefe biyu, an yi shi ne don kada ruwan sama ya jiƙa hatsin 'yan kasuwa. Kusa da nan gidan awo yake, De Waag, inda a da ake sauke kaya daga jirgi a ɗora a sikeli, kuma a nan ake rabon burodi da kifin 3 ga Oktoba. Abokin tafiyata ya ce ba zan bar garin ba sai na ci haring yadda suke ci. Ɗanye ne, gishiri kawai ya ji, an cire kai da ƙaya, a barbaɗa yankakkiyar albasa, ka kama wutsiya ka ɗaga sama ka sauke shi a baki. Na ci. Laushi gare shi kamar man shanu, ƙarni kuma sai wanda ya gani. Na wanke baki da kibbeling, gutsattsarin farin kifi da aka soya da ƙullu, da zafinsa, wannan kam na ƙara. Mai rumfar ba ta karɓi tsabar kuɗi ba, kati ta nuna mini, haka kuma wasu shagunan garin suke.

Bayan kasuwar, a wani lungu, akwai ƙofar ƙarfe da matakala da ke hawa wani tudu. Burcht ke nan, tudun da mutane suka tara ƙasarsa da hannu a ƙarni na 11, a daidai inda rassan kogin Rhine biyu suke haɗuwa, suka zagaye kansa da katanga. Ba a biyan ko sisi. Daga kan katangar garin duka yana tafin hannunka: majami'ar Hooglandse Kerk dab da kai kamar ka taɓa, Pieterskerk can, fikafikan De Valk suna juyawa a nesa. Yara suna guje-guje a ciki, wasu ɗalibai sun baje littattafai a kan ciyawa. Ƙafafuna sun riga sun fara ƙara, bulon titunan nan ba ya tausayin diddige.

Washegari da safe, kafin jirgina, muka shiga gidan tarihin al'adun duniya da ke kusa da tasha, wanda yanzu ake kira Wereldmuseum. Yana cikin tsofaffin irinsa a Turai, kuma yawancin abin da ke cikinsa zamanin mulkin mallaka ya tara: Indunusiya, Japan, Suriname, Afirka. A nan ne tagullan Benin suka yi shekara fiye da 100, daga cikin waɗanda sojojin Birtaniya suka wawashe a fadar Oba a 1897 suka sayar wa gidajen tarihin Turai. A 2025 Holan ta mayar wa Najeriya guda 119, kuma 113 daga cikinsu daga wannan gida suka fito. Na yi tsammanin abokin tafiyata zai yi murna ba ƙaƙƙautawa, sai na ji shi da sanyin jiki.

"Hakkinmu ne, Yaya, babu ja. Abin da nake tsoro shi ne riƙo. Ka ga yadda littattafan kakanninmu suke a buhuna, gara na ci."

Na ce masa wanda aka sace wa akuya ba a tambayarsa ko yana da turke kafin a mayar masa. Ya ce haka ne, amma in ta dawo turken dole ne. Muka fito muna wannan musu, muka bi Steenstraat muna yi, har bakin tasha ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Ya saya mini fakitin stroopwafel, wani biskit nasu mai zaƙi, in kai wa yayansa, ya ce in gaya masa ya turo kilishi da yaji ta hannun duk wanda zai zo kafin sanyi ya kankama.